Yadda Ake Kafa Sabar DCS World Mai Zaman Kanta Don Tashin Jirage Tare

Duk wanda ya ɗan daɗe yana tuƙa jirgi a DCS World, wasan kwamfuta na kwaikwayon tuƙin jiragen yaƙi, tare da abokai ya san inda gizo ke saƙa. Mutum ɗaya ne ke buɗe wasan a kwamfutarsa, sauran su shigo ta wurinsa. Kwamfutar nan ita ke zana masa sama da cikin jirgi, ita ke lissafin kowane makami da aka harba da kowace tankar yaƙi da ke motsi a ƙasa, ita ce kuma ke aika wa kowa labarin inda ɗan'uwansa yake. Da zarar wasansa ya maƙale ko ya tashi ya kashe, kowa ya faɗo, ko da kuwa wani yana daf da sauka bayan awa biyu a sama.

Maganin wannan shi ne sabar mai zaman kanta, wato kwamfutar da ba wanda ke wasa a kanta, aikinta kawai riƙe filin. Kamfanin Eagle Dynamics, masu DCS World, suna ba da manhajar sabar kyauta a shafinsu, kuma don Windows aka yi ta. Girka ta ba wuya. Abin da ke kayar da mutane abu uku ne: layin intanet da ba a iya shigowa ta cikinsa daga waje, wutar lantarki, da mishan, wato fayil ɗin shirin yaƙin da ake tashi a cikinsa, in an cika masa kaya. A kansu za mu fi tsayawa.

Fara da duba layinka, kafin ka sauke komai

Taswirorin DCS manya ne, yawancinsu suna cin gomman gigabait kowace. Kada ka ƙona datarka sai ka tabbatar mutanen waje za su iya isowa gare ka.

Shiga shafin saitin rautarka ta burauza, galibi a 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, ka nemi inda aka rubuta adireshin WAN. Sannan ka buɗe kowane shafi da ke nuna wa mutum adireshin IP ɗin da duniya ke ganinsa da shi. Idan lambobin biyu iri ɗaya ne, kana da adireshin fili, aikinka ya yi sauƙi. Idan sun sha bamban, musamman in na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin layinka ya sa ka a bayan abin da ake kira CGNAT. Kamar babban gidan haya ne mai lamba ɗaya a ƙofar zaure: kai kana iya fita ka dawo, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kaɗai ba shi da hanyar sanin ɗakinka, kuma makullin zauren ba a hannunka yake ba. Mafi yawan layukan waya na 4G da 5G haka suke, haka ma tsarin gida na Starlink. A irin wannan layi, duk ƙofar da ka buɗe a rautarka, wato port, lambar da saƙon waje ke shigowa ta ita, aikin banza ne, domin saƙon ba ya ma isowa rautar.

Mafita uku ce. Ta farko, ka tambayi kamfanin ko suna sayar da adireshin fili. Masu layin faiba da masu tsarin 'yan kasuwa sukan bayar da ƙarin kuɗi. Ta biyu, in ku 'yan kaɗan ne da kuka san juna, kowa ya girka ZeroTier ko Tailscale, ku shiga hanyar sadarwa ɗaya ta sirri, sannan ku shiga sabar da adireshin da manhajar ta ba ta. Wannan yana aiki ba tare da an taɓa rauta ba, sai dai baƙo daga jerin sabobi ba zai iya shigowa ba. Ta uku, ka yi hayar kwamfuta mai Windows a cibiyar ajiyar bayanai. In har ana son sabar da ba ta kwana, wannan ce shawararmu, domin tana kashe matsalar layi da ta wuta a lokaci guda.

In haya za ka yi, zaɓi wurin da ya fi kusa da yawancin matuƙanku. Haske a cikin wayar faiba yana cin kimanin kilomita 200 a kowace milisakan. Wayar ƙarƙashin teku ta Glo-1 da ta haɗa Legas da Ingila tana da tsawon kusan kilomita 9,800, don haka zuwa da dawowa kaɗai sun kusa milisakan 100, kafin a ƙara tafiyar Legas zuwa Kano ko Yamai. Wannan jinkiri, wanda 'yan wasa ke kira ping, ba kuɗin da zai rage shi. DCS tana jure 120 zuwa 150 lafiya lau in yana tsaye. Abin da ke ɓata tashi cikin jeri da shan mai a sama shi ne ping mai hawa da sauka, da ɓacewar saƙonni a hanya. Shi ya sa sabar ba ta zama a kan Wi-Fi. A ja mata waya daga rauta.

Ka kuma lura cewa saurin aikawa ne ya shafi sabar, ba saurin saukewa da kamfanoni ke tallatawa ba. Lissafin data mai sauƙi ne: in sabar tana fitar da megabit 5 a daƙiƙa, awa huɗu sun ci gigabait 9.

Na'ura da wuta

Sabar ba ta zana hoto, saboda haka ba ta buƙatar katin hoto mai tsada. Wanda ke haɗe da furosesa ya isa. Inda ya kamata kuɗin ya tafi shi ne furosesa mai saurin gaske a kan cibiya ɗaya. Babban lissafin wasan a layi ɗaya yake tafiya, don haka furosesa mai cibiya huɗu ko shida masu sauri ya fi tsohuwar na'urar ofis mai cibiya ashirin masu nauyin jiki. Mutane da yawa sun yi hayar irin waccan saboda yawan cibiyoyin ya burge su, suka zo suna mamakin yadda jirage ke tsalle-tsalle a sama. In sabar haya ce, a tambaya ko cibiyoyin naka ne kai kaɗai ko ana raba su da wasu.

RAM gigabait 16 ita ce mafarin hankali, ga ƙaramin mishan a taswirar Caucasus da mutum goma ko ƙasa da haka. Ga taswira mai nauyi irin Syria da ɗaruruwan motocin yaƙi, a nemi 32. Faifai ya zama SSD, gigabait 250 in taswira biyu ko uku za ka sa, 500 ko fiye in kana son yawancinsu. Kada ka kashe fayil ɗin musayar ƙwaƙwalwa na Windows, wato pagefile. DCS tana jingina da shi sosai, kuma sabar da ke mutuwa shiru bayan awa biyu ko uku sau da yawa ƙwaƙwalwa ce ta ƙare mata. Ka tsayar da girmansa da hannu a kan SSD, kamar gigabait 32.

In a gida za ta zauna, yi lissafin wuta tun yanzu. Kwamfuta marar katin hoto tare da rauta za su ja wajen wat 120, wato kusan kilowat-awa 2.9 a rana. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda. In na ruwa ne, rabinsa kawai ya kamata a sha don kada ya mutu da wuri, inbata kuma ta ci nata kason, abin da zai rage bai wuce awa takwas ba. Rauta da akwatin faiba su ma su hau inbatar. Ana yawan mantawa da su, sai a ɗauke wuta kwamfuta tana kunne amma kowa ya fita.

Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka nemi saitin da ke cewa Restore on AC Power Loss ko AC Recovery, ka mai da shi Power On, don na'urar ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. In kwamfutar tsohuwa ce da wani ya riga ya yi amfani da ita, canza ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allonta, CR2032. Idan ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai saitin BIOS ya goge, agogo kuma ya koma baya shekaru, kuma da agogon da ya kauce sabar ba za ta iya shiga asusunta ba. A lokacin hunturu a riƙa hure ƙurar fanka, a watannin zafi kuma kada a kulle ta a ɗakin da iska ba ta ratsawa, domin furosesa in ya yi zafi rage gudu yake yi da kansa.

Girkawa

Buɗe sabon asusu a shafin digitalcombatsimulator.com don sabar kaɗai. Kada ka yi amfani da wanda ka sayi jiragenka da shi: kalmar sirrinsa za ta zauna a na'urar da wataƙila wasu ma za su riƙa shiga, kuma raba su yana kawar da rikicin shiga wuri biyu a lokaci guda. Asusun sabar ba ya buƙatar sayen jirgi ko taswira ko ɗaya. Masu shigowa ne dole su mallaki taswirar da jirgin da za su hau. Shi ya sa in ana son jawo sababbi, a fara da Caucasus ko Marianas, waɗanda kyauta ne ga kowa, a kuma sa musu kujerun Su-25T da TF-51D, su ma kyauta.

A sashen saukewa na shafin ka ɗauki manhajar girka Dedicated Server. Za ta tambaye ka taswirorin da kake so. Zaɓi waɗanda za ku yi amfani da su kawai, ana iya ƙara wasu daga baya. Girka ta a wuri mai gajeren suna kamar C:\DCS_Server. Sunan mai amfani na Windows da sunayen folda da na fayilolin mishan, a rubuta su da haruffa marasa lanƙwasa, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, don kada wani sikirif ya kasa karanta hanyar. In Windows ɗin sabo ne fil, girka Visual C++ Redistributable na Microsoft mai 64-bit. Rashinsa ke sa manhajar ta ƙi tashi tana kukan wani fayil na dll.

Bayan girkawa za ka ga gajerun hanyoyi a fuskar kwamfuta, ɗaya ta kunna sabar, ɗaya ta Local WebGUI, wato shafin sarrafa sabar. Kunna ta farkon, ka shiga da asusun sabar, ka sa alamar ajiye kalmar sirri da ta shiga kai tsaye. In ka manta wannan alama, duk lokacin da na'urar ta sake tashi sabar za ta tsaya tana jiran mutum. Abin da za ka gani bayan haka ɗan ƙaramin allo ne mai tambarin DCS, ba wani abu. Haka take, ba ta maƙale ba. Rufe allon nan kashe sabar ne.

Tashin farko zai ƙirƙiro folda a cikin Saved Games na mai amfani, sunanta na farawa da DCS. Nan Config da Logs da Missions da Tracks suke. Kana iya ba ta sunan da kake so ta hanyar ƙara wannan a ƙarshen layin gajeriyar hanyar:

`DCS_server.exe -w DCS.horo`

Da wannan dabara ake gudanar da sabar biyu a na'ura ɗaya daga girkawa ɗaya, kowace da foldarta da ƙofofinta daban.

Buɗe ƙofofi

Ƙofar wasan ita ce 10308, kuma dole a buɗe ta ta TCP da UDP duka. Ƙofar WebGUI 8088 ce ta TCP, ba a buƙatar buɗe ta sai in kana son sarrafa sabar daga nesa ta shafin asusunka na Eagle Dynamics. SRS, manhajar rediyo, tana kan 5002, TCP da UDP. Tacview, manhajar da ke naɗa da nuna motsin jirage, in za ta watsa bayanai kai tsaye tana kan 42674 ta TCP. Buɗe abin da kake amfani da shi kaɗai.

Wuri biyu ake buɗewa, kuma mantawa da ɗaya shi ne kuskuren da ya fi yawa. Na farko katangar tsaro ta Windows. Buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta:

`netsh advfirewall firewall add rule name="DCS TCP" dir=in action=allow protocol=TCP localport=10308`

`netsh advfirewall firewall add rule name="DCS UDP" dir=in action=allow protocol=UDP localport=10308`

Na biyu rauta. Rubuta `ipconfig` ka ga adireshin sabar a cikin gida, misali 192.168.1.50. A rautar, je sashen DHCP ka ɗaure wannan adireshi ga na'urar don kada ya canza. In ba haka ba, ran da wuta ta dawo wayar wani ta riga shiga ta karɓe lambar, ƙofofin da ka buɗe za su koma nuna wayar. Sannan a sashen Port Forwarding, wasu rautoci na kiransa Virtual Server, ka tura 10308 ta waje zuwa 10308 ta 192.168.1.50, TCP da UDP. In akwatin kamfanin layi daban ne da rautarka, kana da shinge biyu ke nan: ko dai a mai da akwatin kamfanin gada kawai, ko a tura ƙofar daga shi zuwa rautarka sannan daga rautarka zuwa sabar. A sabar haya babu rauta, amma kamfanoni da yawa suna da tasu katangar a shafin sarrafawa, ita ma sai an buɗe.

Gwaji sai mishan yana gudana, domin kafin nan ba abin da ke sauraro a ƙofar. A kan sabar, `netstat -ano | findstr 10308` zai nuna ko tana sauraro. Daga waje, wani aboki ya buɗe PowerShell ya rubuta `Test-NetConnection` sai adireshinka na fili sai `-Port 10308`. Wannan TCP kaɗai yake gwadawa, don haka in ya yi nasara amma shiga wasan na yankewa, UDP za ka duba. Kai da ke gida ɗaya da sabar, shiga da adireshin cikin gida ta maɓallin Connect by IP, wato 192.168.1.50:10308. Rautoci da yawa ba sa barin na ciki ya fita ya dawo ta adireshin fili, sai mai sabar ya ɗauka ta lalace alhali abokansa suna ciki suna tashi.

Saitin sabar

Buɗe Local WebGUI, za ta fito a burauza. Nan za ka rubuta sunan sabar, bayaninta, kalmar sirri, yawan mutane, ka ƙara mishan a jeri, ka danna farawa. Duk abin da ka zaɓa ana rubuta shi a fayil ɗin serverSettings.lua cikin Config. Ana iya gyara shi da hannu, amma sai an kashe sabar tukuna. In tana kunne za ta iya mai da tsohon saiti a kan gyaranka. Yi amfani da Notepad++, ka kuma ajiye kwafi kafin ka taɓa. Waƙafi ɗaya da ya ɓace ya isa ya sa a kasa karanta fayil ɗin gaba ɗaya. Hanyar mishan a cikinsa da sanda biyu-biyu ake rubuta ta:

`[1] = "C:\\DCS_Missions\\horo_batumi.miz",`

Daga cikin saitin, `resume_mode` ya fi kowanne tasiri a rayuwar yau da kullum. In 0 ne, mishan zai tsaya cak har sai ka sake shi da hannu. In 1 ne, yana farawa da zarar ya loda, ko da ba kowa. In 2 ne, yana gudana ne kawai in akwai mutum a ciki. Ga yawancin ƙungiyoyi 2 ya fi dacewa. Da 1, wanda ya shigo da daddare zai tarar jirgin ba da mai ya daɗe da ƙarar da mansa ya sauka, sojojin kwamfuta kuma sun gama kashe juna.

`isPublic` ke sa sunan sabar ya fito a jerin duniya. `maxPlayers` a sa shi daidai ƙarfin layi, ba daidai buri ba. `maxPing` yana korar wanda jinkirinsa ya wuce iyaka. In matuƙanku suna warwatse tsakanin ƙasashe kuma wasu na kan layin waya, kada a matse shi ƙasa da 300, ko a bar shi 0 a kashe shi baki ɗaya. `listLoop` ke sa jerin mishan ya zagayo daga farko.

Sai saitin da suka fara da `require_pure`, masu binciken ko ɗan wasa ya taɓa fayilolin wasansa. A sabar da mutane ke yaƙar juna a kunna su, domin mai sauya launin jiragen abokan gaba ko cire bishiyoyi ya sami abin da wasu ba su da shi. A sabar horo ta abokai ana iya sassauta na launuka. Haka `allow_object_export` da `allow_sensor_export`: in an bar na farkon a buɗe, kowa na iya ganin inda kowane jirgi yake ta wata manhaja a gefe. A wurin koyo wannan alheri ne, a wurin gasa kuwa ɓarna ce. `allow_ownship_export` a bar shi a kunne, domin da shi allunan maɓallai na gida da manhajojin rediyo ke karanta bayanan jirgin mutum.

Mishan shi ne nauyin

Sabar ba ta da wurin tsara mishan. A cikakken wasan ake tsarawa, a ajiye fayil ɗin miz, a kwafa shi zuwa sabar. Kowane jirgin da mutum zai hau, a sa matakinsa a Client, ba Player ba. Mishan ɗin da aka loda amma jerin kujeru ya fito wayam, nan matsalarsa take. Ga sababbi, a haɗa kujeru masu injin kunne da masu injin kashe a filin da ke da sauƙin ganewa kamar Batumi ko Kobuleti a gaɓar teku.

Duk mai shigowa sai ya sauke fayil ɗin mishan daga sabar. Hotunan bayani masu nauyi da sautuka marasa matsi suna kumbura shi, sai shiga ya riƙa ɗaukar lokaci, waɗanda ke ciki kuma su ji ɗan tsaiko duk sanda wani ya shigo. A rage girman hotuna, sauti a mai da shi ogg.

Abin da ke durƙusar da sabar ba yawan matuƙa ba ne kamar yadda ake zato, sojojin kwamfuta ne, musamman na ƙasa masu tafiya. Ayarin motoci da aka ce ya bi hanya mai nisa ko ya ratsa gari yana sa furosesa neman hanya ba ƙaƙƙautawa. Manyan bindigogi masu ruwan rokoki da bama-bamai masu tarwatsewa ƙanana-ƙanana suna haifar da ɗaruruwan abubuwan lissafi a daƙiƙa ɗaya. Abin da ba ya buƙatar motsi ko harbi, a sa shi a matsayin Static Object. Rukunin da ba a buƙata tun farko, a sa masa Late Activation, a tashe shi sai jirgi ya shiga yankinsa. Mishan mai motoci da jirage ɗari biyu da aka tsara da hankali ya fi mai dubu daɗin tashi, kuma ba wanda zai lura da bambancin daga ƙafa dubu ashirin.

Gawarwakin motoci da tarkace suna taruwa, ƙwaƙwalwa tana cika a hankali. Saboda haka a sa mishan ya sabunta kansa duk awa huɗu zuwa shida. A sashen Triggers, yi ɗaya mai nau'in Once, sharaɗinsa Time More 14400, wato awa huɗu a daƙiƙoƙi, aikinsa Load Mission. Ka sa wasu biyu kafinsa masu aika saƙo ga kowa, a 13500 da 14100, don wanda ke sama ya san saura minti goma sha biyar, sannan saura biyar, ya nemi fili.

Masu amfani da sikirif irin MOOSE ko MIST don ajiye ci gaban yaƙi sukan buɗe `io` da `lfs` a fayil ɗin MissionScripting.lua da ke cikin Scripts na wurin girkawa. A san abu biyu. Buɗe su yana ba kowane mishan ikon rubutu a faifan na'urar, don haka kada a loda mishan ɗin da ba a san mai shi ba. Kuma sabuntawa ko gyaran DCS yana mai da fayil ɗin yadda yake tun asali, sai a sake gyarawa. In ajiyar yaƙi ta daina aiki washegarin sabuntawa, nan za a fara dubawa. Jirgin da jama'a suka ƙera da kansu, irin A-4E-C, in yana cikin mishan sai an sa shi a Mods na sabar, kuma kowa ya riƙe siga iri ɗaya.

Rediyo

DCS tana da nata tsarin magana, amma yawancin ƙungiyoyi SRS suke amfani da ita, domin tana bin mitar da mutum ya murɗa a rediyon jirginsa. Girka ta a na'urar, kunna ɓangaren sabar, buɗe 5002 a wurare biyun nan. Don ta haɗa mutane da kanta, ɗauki fayil ɗin DCS-SRS-AutoConnectGameGUI.lua daga foldar SRS, rubuta adireshinka na fili da ƙofar a cikinsa, ka ajiye shi a Scripts\Hooks na foldar sabar a Saved Games. In foldar Hooks ba ta nan, ƙirƙire ta. Wanda ya haɗu amma ba a jin muryarsa, UDP ce a rufe.

Ta ci gaba da tsayawa

Hana Windows barci da `powercfg /change standby-timeout-ac 0`. Sa ta shiga asusun mai amfani da kanta ta manhajar Autologon ta Sysinternals, sannan ka rubuta `shell:startup` a akwatin Run ka jefa gajerun hanyoyin sabar DCS da ta SRS a foldar da ta buɗe. Yanzu gwada da gaske: zare wayar wuta, mayar, kada ka taɓa komai, ka ga ko sabar za ta dawo cikin jeri da mishan a lode. Sa'o'in aiki na Windows Update, waɗanda ba sa wuce awa 18, a daidaita su da lokacin da kuke tashi don kada ta sake kunna kanta ana tsakiyar yaƙi. Foldojin DCS biyun, ta wurin girkawa da ta Saved Games, a cire su daga binciken Defender, manhajar tsaron Windows, yana rage jinkirin lodawa.

Mai shiga sabar haya ta Remote Desktop ya rufe tagar kawai in ya gama. In ya danna Sign out, ya kashe duk abin da ke gudana. Ƙofar Remote Desktop, 3389, kuma kada a bar ta a buɗe ga duniya da kalmar sirri mai rauni. Ana ƙwanƙwasa ta dare da rana. A taƙaita ta ga adireshinka ko a bi ta Tailscale.

Sigar sabar da ta 'yan wasa dole su zo ɗaya. Ran da Eagle Dynamics suka fitar da sabuntawa, wasan kowa zai sabunta, sabar da aka bari a baya kuma ba za ta shigu ba. Kashe ta, shiga foldar bin, gudanar da `DCS_updater.exe update`, duba MissionScripting.lua, sannan ka kunna. In wani abu ya rikice bayan haka, `DCS_updater.exe repair` yana maido da fayilolin asali.

Idan sabar ta mutu, amsar tana cikin dcs.log a foldar Logs. Kwafe shi kafin ka sake kunnawa, domin sabon tashi yana buɗe sabon rahoto. Karanta daga ƙasa zuwa sama, ka nemi layukan ERROR na ƙarshe. In sunan wani sikirif ko rukunin sojoji ya fito, mishan ne. In rahoton ya yanke ba bayani, duba ƙwaƙwalwa da zafi da wuta. Hanya mafi sauri ta raba gardama ita ce loda mishan wayam mai jirgi biyu a Caucasus: in ya kwana lafiya, na'urar ba ta da laifi.

Sai foldar Tracks. Sabar tana ajiye rikodin kowane zama a can, Tacview ma tana tara nata, kuma ba mai share su. A sabar da ke aiki kullum suna iya cinye faifai cikin 'yan watanni, daga nan sabuntawa ta gaza, pagefile ya rasa wuri. Sa Task Scheduler ya goge abin da ya wuce kwana 14 sau ɗaya a mako, kuma a wannan aikin ya kwafe Config da Missions da Scripts zuwa wani faifai daban.